Ɗarin da Bai Zo Ba

An gama sussukar gero a Tangaza,
rumbuna sun cika, kara ya bushe,
amma bargona na rataye a ƙusa tun bara.
Watan da ake hura wuta a ɗaki
ga mu kwance a waje muna fifita,
dare ya raba, gumi na ta zubowa.

Kawu Arzika ya buga ƙyaure kafin kiran assalatu,
adaka a kafaɗa, gora a hannu.
Ya ce, "Tunau, bar karen ga gida,
hakinai kaɗai ya isa shi tone mu.
Bana ba a kora,
bana sai zama, da shiru, da jure ƙishirwa.

"Lokacin barbara na, kishimi ya zauce.
Da akwai sanyi, da rana tsaka ka gan shi
bayan mata, ido rufe, ko kaye bai ji.
Zahin ga ya maishe shi ɗan dare:
shi yi karo ga farin wata,
shi goge ƙaho ga geza,
hantsi na ɗagawa shi shige sabara shi lahe.
Kak ka bi shi.
Shi mace shi ka bi, ita ko tana bin ruwa."

Muka yanki daji ta hanyar Balle,
gamzaki na gabanmu kamar fitilar maƙwabci.
Ga sawu biyu a kan rairayi,
ƙarami a gaba, babba na taka shi.
Ga inda ya tona ƙasa da kofato ya yi fitsari,
warin bai gama tashi ba.
Kawu ya tsuguna ya shinshina,
ya ɗago yana murmushi, bai ce komai ba kuwa.

Tafkin da na yi iyo a cikinsa ina yaro
ya tsuke ya koma kamar faifai.
Ya barbaɗa toka, ta karkata kudu,
muka zaga ta nan, iska na dukan fuskarmu.
Ya murje ganyen sabara ya shafe mini hammata,
ya yaɓa mini laka a goshi,
ya ajiye ni a gindin aduwa.

Cinnaka ya same ni a cinya, ban motsa ba.
Ƙuda ya sha daga gefen idona.
Hasbiya ta sauka, ta sha, ta tafi.
Na ƙirga bugun zuciyata har na ɓata lissafi,
rigata ta manne da bayana,
gabas ta soma yin ja kamar garwashin ƙirya,
sai ga barewa.

Ita ce a gaba, tana taku ɗaiɗai.
Shi yana baya, wuya ya kumbura, harshe a waje,
haƙarƙari a fili, kunne ɗaya a tsage.
Ta sa baki a ruwa. Shi bai sha ba.
Ya tsaya yana kallonta, ƙishi na cin sa,
ya ba ni kafaɗa sarai,
taku ashirin, ba ganye, ba inuwa.

Na ja kunamar.
Ƙyas.
Albarushin da na ɗaure a ƙirji tun gida
ya sha gumina ya zama kunu.
Kafin in haɗiye yawu sun zama ƙura biyu,
sun bar mini tafki yana rawa.

Kawu ya yi dariya har ya riƙe ciki.
"Zahin da yak kawo ma shi, shi yaƙ ƙwace shi.
Gobe sa albarushi ga ƙaho, ba ga ƙirji ba."
Muka juyo da gishirin da muka ɗauko don nama,
ina tsinkar magarya ina cika aljihu,
rana na cin ƙeyarmu,
karen na bakin ƙofa yana jiran fitowa.