Wuyan Mai Allurar Shanu

Shekara ashirin da uku ina bin rugage
daga Kaura har bakin Gulbin Gagare,
jakar magani a bayan babur,
da allura mai kaurin tsinken tsire.
Bijimin da maza huɗu suka kasa tanƙwarawa
ni ke dafa tozonsa, in soka, in zare,
in miƙa hannu a biya ni.

Ban taɓa gaya wa kowa ba:
ni ko jinin yatsa aka ce za a ɗiba
sai in tuna ina da uzuri a kasuwa.

Sai ga ƙullutu a wuyana,
kamar ƙwallon kanya ya tsaya a hanya.
Damina biyu ina naɗe shi da rawani.
Ige ce ta gano, 'yata ta uku,
ranar da maɓallin riga ya ƙi shiga.

Gusau. Benci mai sanyi. Ni ne na sha ɗaya.
Likita ta ce, "Malam Nomau, ba yanka ba ne.
Ɗan abin da ke ciki za mu zuƙo
mu ga ko wane iri ne."
Ta ɗaga allurar, siririya kamar gashin wutsiyar doki.
Na yi dariya irin ta masu sana'a,
gwiwoyina kuwa ba su ji abin dariya ba.

Aka tura matashi ƙarƙashin kafaɗuna,
haɓa ta kalli rufi, maƙogwaro a fili.
Na tuna ragon layya,
sai dai shi bai san mene ne wuƙa ba.
Aka shafa wani mai, aka ɗora na'ura,
ga cikin wuyana a allo, toka-toka,
siffar malam-buɗe-littafi
da fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi.

"Kada ka yi magana. Kada ka haɗiye yawu."
Yawun da bai taɓa damuna ba
ya taru kamar Bakolori a watan takwas.
Na nemi addu'ar da na haddace tun ina yaro,
ta zo rabi, sauran ta maƙale a wani wuri.

Ige ta kama babban yatsana.
Ta ce, "Baba, saniyar nan ta Arɗo Jaɓɓe,
ja mai ƙaho guda, da ka yi wa maganin hanta..."
Fara ce! Kuma ƙafa ce ta ruɓe!
"...wadda ta haifi tagwaye a Kurya..."
Ɗa ɗaya, kuma a Yankaba,
ni na jawo shi da hannun nan da kike riƙewa.
Ga baki, ba damar gyara.
Ina cikin tafasa da wannan ƙarya
likita ta ce, "Ta farko ta fita."

Ta biyun na ji ta:
cizon cinnaka, sai wata 'yar dannawa a ciki
kamar ana neman tsabar kuɗi a ƙasan aljihu.
Hawaye ɗaya ya gangara cikin kunnena.
Ige ta gani, ta kalli taga,
ta ci gaba da ɓata tarihin shanu.

Ta uku. Auduga. Filasta kamar kan sarki.
Sakamako sai bayan mako biyu.
A mota na haɗiye yawu sau ɗari, don kawai na iya.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba.
Yana nan, ya dai koma gefe ya zauna.
Amma ranar Alhamis a rugar Jaɓɓe,
da aka riƙe mini wata karsana tana rawar jiki,
na tsaya ina sosa mata gindin kunne,
ina ba ta labarin da babu kai babu gindi,
har Arɗo ya ce, "Nomau, rana na yi."
Na ce, "Bari ta gama ji."