Ƙahon Sauraro

Ƙarfe biyu na dare a asibitin Gwadabawa,
fanka ta tsaya,
zafin bazara ya zauna a ɗakin kamar mai jinya.
Luba ta damƙe ƙarfen gado,
gwaggonta Ige na bakin ƙofa da buta a hannu:
"Yi nishi, ɗiyata, yi nishi ki huta!"

Na ce, Ige, dakata.
Hanya ba ta gama buɗewa ba, saura yatsa biyu.
Wanda ya bangaji ƙyaure ba a zare sakata ba
kafaɗarsa za ta yi tsami,
kuma yana nan ciki.

Shekara ashirin da uku ina wannan aiki.
Ƙahona na katako ya yi baƙi da gumin kunnena.
Na kafa shi a cikin Luba, na riƙe numfashi,
can ƙasa na ji ta,
'yar ƙaramar ganga mai sauri,
kamar ɗan akuya na tsalle a kan daɓe.

Akwai yaron da ba na ba kowa labarinsa.
Daga tsallaken kogi aka kawo uwarsa a amalanke,
tun magariba ake sa ta yunƙuri,
an danne mata ciki da gwiwar hannu
har ƙarfinta ya ƙare, nasa ma ya ƙare.
Ya fito shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina.
Ya rayu.
Shekararsa tara yanzu, wuyansa bai tsaya ba,
uwar na goya shi zuwa kasuwa.
Duk ranar da na gan su sai na sayi albasarta
ko da akwai kwando guda a gidana.

Saboda shi nake cewa dakata.
Kwanta ta hagu, Luba. Kurɓi ruwa.
Ja iska ta hanci, sake ta a hankali.
Zage ni in kina so, an zage ni da Zabarmanci ma.

Uku da rabi ta wuce, na duba,
sakata ta zare kanta.

To yanzu.
Kin san rijiyar gidanku:
ba a jan guga sai igiya ta yi nauyi.
In ciwon ya taso, bi shi, tura ƙasa,
in ya lafa ki saki, ki huta,
hutunki shi ne numfashinta.

Ta tura. Ta saki. Na kafa ƙaho.
Gangar ta yi sanyi,
ɗaya... biyu...
gwiwata ta mutu a tsaye,
sai ta farfaɗo, ta ci gaba da tsalle.
Ban gaya wa kowa ba.

Gashi ya leƙo, baƙi, jiƙe.
Bar nishi nan, Luba,
hura kawai, kamar kina fifita kunu da baki,
kai ba ya son a fizgo shi.
Cibiya ta zagaye wuya sau ɗaya,
na sa yatsa na zare ta kamar carbi.

Ta zo hannuna shiru.

Na goge bayanta da tsumma, na goge,
na murza tafin ƙafa,
Ige ta daina salati tsakiyar kalma.
Sai ƙirjin ya ɗaga,
bakin ya buɗe,
kuka ya tsaga ɗakin har ya riga ladan.
Buta ta faɗi, ruwa ya bi ƙarƙashin gado.

Na ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata,
na buɗe littafi na rubuta:
mace, kilo uku, biyar saura takwas.
Babu gurbi a takardar
da zan rubuta awa ɗaya da rabi da muka jira.
Na wanke hannu,
na rataye ƙahon a ƙusarsa.