Inci Ɗaya da Rabi

Baba ya rasu a watan huɗu,
ƙanƙara ba ta gama narkewa a gonar alkama ba.
Leif ya ja tarakta, Gunhild ta sauke agogon bango,
ni aka bar wa mai baki biyu,
kwance cikin bargon da har yau yake warin mai da taba.

Baba dogo ne, hannu har gwiwa.
Ni kuwa tsayin Inna na ɗauko.
Na ɗora ƙotar a kafaɗa,
yatsana bai kai kunama ba
sai da na miƙa wuya kamar mai leƙen katanga.
Harbi ɗaya a bayan rumbu
ta yi min shurin alfadari.
Kwana tara ban iya taje kaina ba.

Leif ya ce, me za ki kai wa Vrba?
Dala ɗari biyu don yankan katako?
Ga zarto a gareji, ga tef, ga sanfefa.
Ni na yanke tawa, ai ba ta mutu ba.

Na san tasa.
Yankan ya karkace kamar bakin mai gatse.
Sai dai ɗari biyu kuɗin gas ne na wata guda,
kuma sanyin Dakota ba ya jin a yi haƙuri.

Daren Laraba na kunna fitilar gareji.
Na auna sau uku, inci biyu,
na ja layi da fensirin Baba mai cizon haƙori.
Na ɗora zarto. Ja ɗaya.
Garin katako ya zubo kan takalmina,
bai fi gishirin miya ba.
Sai idona ya sauka inda kuncinsa yake kwanciya,
shekara arba'in na gemu da gumi
sun mai da wurin santsi, sun mai da shi duhu.
Hannuna ya ƙi na biyu.

Mil talatin zuwa shagon Vrba,
bayan coci, kusa da inda ake auna hatsi.
Tsoho ne, tabarau ɗaure da waya,
faratansa baƙi kamar gindin tukunya.
Ya shafa tabon da babban yatsa.
Wa ya fara?
Na ce, ni.
Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

Ya ce, koma mota ki sako rigar sanyi.
Da ita za ki fita daji, ba da wannan ba.
Ɗaga. Sauke. Rufe ido, ɗaga. Buɗe.
Sau nawa? Na daina ƙirga.
Ya ce, rigar ta ci nata, robar da zan sa ta ci nata.
Ɗaya da rabi.
Layinki da ya bar miki babban yatsa a kan hanci.

Mako bakwai, in ji shi, akwai mutane a gabanki.
Na yi su ina jin agwagin daji
suna wucewa kudu ta saman rufi, ba su jira ni ba.

Ran karɓa ya turo min jakar takarda.
A ciki guntun da ya yanke,
da wata 'yar takarda a naɗe kamar sigari.
A ramin ƙota na same ta, ya ce.
Lasin farauta ne, na shekarar da aka haife ni,
ko lanƙwasar aljihu babu.
Inna ta taɓa cewa a kakar nan bai fita ba ko sau ɗaya,
yana zagaya ɗaki da ni a kafaɗa.

Asabar da asuba, bakin tafki,
ciyawa ta daskare tana karyewa ƙarƙashin ƙafa.
Ƙotar ta zo ta zauna, ba gardama.
Agwagwa uku suka tashi.
Na harba, na kuskure duka.

Leif ya kira da yamma, nawa ya caje ki?
Na gaya masa. Ya yi tsaki.
Ina jinsa, hannuna cikin aljihu
yana juya guntun katakon,
yana neman inda zartona ya tsaya.