Gilashin da Bai San Hannuna Ba

Ɗana Mujitaba ya aiko ta daga Jidda
cikin farin kwali, naɗe da tsohon rawani.
Ko maɓalli ɗaya babu a fuskarta.
Na juya ta, na sake juyawa,
kamar mai neman ƙofar ƙwai.

Tsohuwar tawa baƙa ce, 'yar ƙarama,
da roba na ɗaure bayanta da ya tsage.
Shekara tara tana aljihun taguwata,
muna shan feshin Nilu tare.
Ko a duhun asuba, tsakiyar kogi,
babban yatsa ya san hanya:
biyu ƙasa, sai kore,
sai muryar dillalin kifi daga Sinnar.

Wannan kuwa wai sai an shafa ta.
Ni da na yi shekara arba'in ina jan koma a Mai Wurno
har igiya ta cinye zanen yatsuna,
aka ce in shafa a hankali
kamar mai taɓa goshin jariri.
Na shafa, ta yi shiru.
Na danna, ta buɗe ƙofa bakwai,
babu ko ɗaya da na ƙwanƙwasa.

In ta yi kuka, kore ya fito yana tsalle,
na danna shi, na danna, har kukan ya mutu.
Sau huɗu Mujitaba yana kira ran Juma'a.
Ya aika a tambayi uwarsa
ko wani laifi ya yi mini.

Jiya na fito da karfasa kwando uku
da giwan ruwa guda mai nauyin ɗan tunkiya.
Hantsi na hawa, kifi ba ya jiran kowa.
Hannu duk yauƙi, na goge a wando,
na ɗaga ta ina neman sunan Barmo dillali.
Rana ta doki gilashin, ban ga komai ba
sai wani tsoho mai furfura yana hararata.
Ɗigon ruwa ya faɗo daga gemuna.
Shi ta ji.
Shi ta yi wa biyayya!
Ta kira surukina na Gadarif,
wanda muka shekara biyu ba ma ga maciji
kan kuɗin injin jirgi.

"Salamu alaikum," in ji shi.
To, me zan ce?
Na ce ya gida, riɗi ya yi kyau bana?
Ya ce ƙafarsa ta kumbura tun Rajab,
yanzu a zaune yake salla.
Ba wanda ya gaya mini.
Muka daɗe. Ƙudaje suka sauka kan kwanduna.
Barmo ya rage mini kuɗi da azahar,
ban ja da shi ba.

Da dare Kuluwa, jikata, mai giɓin haƙori,
ta karɓe ta tana dariya.
"Kaka, kai tura ta kake kamar kwale-kwale."
Yatsunta na gudu a kai
kamar gizo-gizon ruwa.
Ta nuna mini hotuna arba'in da uku:
babban yatsan ƙafata,
gindin jirgi,
yatsan ƙafata kuma,
sai guntun sama da ban san na ɗauka ba.

Ta kama hannuna tana gwadawa ɗaya-ɗaya.
Babba, shiru.
Manuni, shiru, duk kanta ce.
Na tsakiya da ƙugiya ta taɓa hudawa, shiru.
Sai ɗan autan,
malalacin da bai taɓa jan igiya ba,
wanda ko wajen cin kisra a gefe yake tsayawa.
Yana taɓawa, gilashin ya buɗe fuska
kamar ya ga ɗan gida.

Yanzu a leda nake ɗaure ta in zan shiga ruwa.
In ta yi kuka, na ajiye filafili,
na goge ɗan autan a hulata,
na ja koren a hankali zuwa sama,
sauran huɗun suna dunƙule, suna kallo.