Daɓen da Bai Ga Aksel Ba

A Aarhus, cikin Nuwamba, rana rowa take yi,
ƙarfe uku na yamma duhu ya fara leƙen tagogi.
Solvej ta hau keke da akwati ɗaure a baya,
cikinsa wayoyi, da kyamara mai ido ɗaya,
da 'yan katakai da ta goge da hannunta
har suka yi sulɓi kamar ragowar sabulu.

Wata tara tana renon tunani guda:
yaro ba da ɗan yatsa yake koyo ba.
Da gwiwa yake koyo, da diddige, da goshi,
da haƙori ma, in ka kau da kai.
To don me za a dasa shi gaban gilashi
yana shafa, yana shafa, kamar mai lallashin kyanwa?

Ta shimfiɗa haske a daɓen aji:
kogi shuɗi, duwatsu goma, kowanne da lambarsa.
Taka uku, taka huɗu, gadar bakwai ta fito.
Lissafi ya sauko daga allo,
ya kwanta ƙasa, ya ce a taka ni.

Vigga ta tuɓe safa ta daka tsalle.
Troels ya faɗi da gangan, ya ji ko ruwan na jiƙa mutum.
Wata 'yar mitsitsiya ta ɗau katako mai lamba biyar,
ta kai baki, ta ce ba gishiri.
Solvej na ta rubutu a tsaye:
wannan ban zata ba, wannan ma haka.

Sai Aksel ya turo kujerarsa mai taya
ya tsaya cak kan dutse na shida.
Kogi bai motsa ba.
Ya ja baya, ya sake hawa. Shiru.
An koya wa na'urar siffar mutum:
kai a sama, ƙafa biyu a tsaye.
Wanda ya zo a zaune, a wurinta tebur ne,
ko inuwa, ko babu.

Bai yi kuka ba. Da ma ya yi.
Cewa kawai ya yi, “Ba ta san ni ba,”
kamar mai faɗin ana ruwa a waje.

Vigga ce ta fara zama, daɓas, tsakiyar kogi.
Troels ya bi. Sauran ma, ɗaya bayan ɗaya,
yara sha tara a ƙasa, sun harɗe ƙafa.
Ido ɗaya ya duba gabas, ya duba yamma,
ya ga aji wayam,
ya rubuta a bango: babu kowa.
Dariya ta ɓarke har malama ta dafe ciki,
Aksel na dukan tayarsa da tafin hannu.

Solvej ba ta dara ba sai a hanya,
ita ma ta zo da ɗaci a maƙogwaro.
Jikin wa muka auna? Namu.
Mu shida, dogaye, mun yi ta tsalle a ofis
muna ce wa na'ura ga ɗan Adam.

Daren nan kofi ya huce sau uku.
Ta warware abin da ta saƙa,
ta koma farko da ɗalibinta mai ido ɗaya:
mai rarrafe mutum ne,
mai birgima mutum ne,
wanda ya goyi abokinsa, su biyu ne, ba ƙato ba.

Ran Litinin ido ya waye, har ya zarce:
ya gai da bokitin goge-goge don shi ma taya gare shi.
Ba komai. Aksel ya shigo kogi a hankali,
ya karkata, ya gyara, ya cije leɓe,
ya ɗora taya huɗu kan duwatsu huɗu.
Biyu, uku, biyar, shida.
Mai ƙafa biyu bai taɓa haɗa haka ba.

Na'ura ta yi jim.
Ba a koya mata abin da ya wuce goma ba.

Aksel ya ɗago kai, ya ce, “Sha shida ne. Gaya mata.”
Solvej ta laluba aljihu tana neman biro.