Ɗakin Baba a Haidarabad

Ƙarfe biyu na dare a Lesta,
ruwa na bin gilashin taga a hankali kamar mai tsegumi.
Tsofaffin da nake jinya duk sun yi barci
sai Misis Pritchard, mai kiran karenta da ya mutu tun bara.
Na tuɓe safar hannu, na buɗe waya,
ina nema wa Baba ɗaki
a garin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Haidarabad.
Can likita ya ce za a yi aikin ƙodar.
Ni kuwa Indiyar da na sani
ita ce ta talabijin ɗin Yaya Lami a Funtuwa,
inda ake rawa a kan dutse,
ba wanda ke jan ledar fitsari zuwa banɗaki.

Otal ɗari huɗu da 'yan kai.
Kowane gado fari fat, kowane matashi da furensa.
Amma hoto ba ya wari,
hoto ba ya cewa lif ya lalace tun watan jiya,
ga Baba, matakala uku sai ya tsaya ya nemi numfashi.
Na mai da fam rufi, na mai da rufi naira,
lissafin ya sa ni jiri.
Wani mai sauƙi ya yi mini murmushi,
na tuna araha ba ta ado, na wuce.

Da asuba Nasrin ta shigo kicin
da jiƙaƙƙiyar lema da ƙamshin kanumfari.
A can aka yanke cibiyarta.
Na miƙa mata wayar, ta duba, ta yi tsaki irin namu,
har na yi dariya, ashe tsaki ba shi da ƙasa.
Ta ce wannan na masu yawon buɗe ido ne,
wancan kuma gefen titi yake, hon ba zai bar shi ya runtsa ba.
Ta juya takardar jerin abincin tsofaffi,
ta rubuta a baya: Tolicoki.
Ɗaki a ƙasa, da ɗan murhu,
masallaci a bayan gida, ladanin ba ya makara.

Na ce, to abinci fa?
An hana shi gishiri, an hana shi maiƙo,
barkono kuwa ko a gida ba sa shiri.
Ta ce dafa-dukarsu mai nama ta bar wa Sanusi mai rakiya,
shi ya ci ya yi gumi.
Baba kuma a sayo masa idli da safe,
ta zana mini shi da yatsa a kan tebur:
fari, taushi, na shinkafa, turara shi ake yi.
Na ce, ai waina ce da ba ta ga mai ba!
Ta ce akwai wata mai faɗi, sirirya.
Na ce, sinasir ke nan.
Muka tsaya muna duban juna,
tukunyar shayi na ta kuka ba mai kula ta.

Ta ƙara lamba guda a ƙasa, ta ƙanwar mahaifiyarta.
In ya ƙi cin na kasuwa, a kira ta,
ta yi jinyar miji shekara tara, ta san miyar marar lafiya.

Hutuna ya ƙare tun watan azumi,
ba ni cikin masu tafiya.
Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan:
kwana ashirin da ɗaya, na biya,
na roƙi a nuna musu alƙibla, a sa kujera a banɗaki.

A tashar bas na kira shi.
Na karanto masa komai, ɗaki, murhu, masallaci, waina.
Ya yi shiru, ina jin zakaran maƙwabta a bayansa.
Ya ce, Tabawa, ke fa, me kika ci?
Na dubi burodin jiya a aljihun rigata,
ya lanƙwashe, ya sha ruwa.
Na ce, tuwo, Baba.
Bas ta zo.