Mabuɗi Ɗaya, Ƙofa Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi a baitulmali,
ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba.
Shi ya sa daren da na sayi manhajar lissafin gida,
da allo ya ce in danna "Na yarda",
sai na gyara zaman tabarau, na ce dakata,
yarda ba kurɓar ruwa ba ce.

Rubutu mitsi-mitsi kamar kiyashi a kan sukari.
Na bi shi layi-layi har janareton maƙwabci ya yi shiru.
Ashe ban sayi komai ba.
Haya ce, ɗakin na mai shi ne.
Kwamfuta biyu, in ji su, a gida ɗaya,
ta uku sai da sabon biya.
Ba aro, ba kyauta, ba sayarwa.

Mu kuwa a Jekadafari uku gare mu.

Akwai tawa, tsohuwa, mai tari in an tashe ta.
Akwai ta Dudu, mai tsaga a kusurwa,
inda adashen mata goma sha bakwai yake kwana,
da jarkokin man gyaɗa:
nawa suka tafi Kumo, nawa aka biya, nawa sai Allah ya hore.
Akwai ta Rahanatu a Kashere.
Na koma takardar ina tambaya,
'yar da ke kwana a makaranta ta fita daga gida ne?
Takarda ta ce tana ciki.
Nan kaɗai muka yi baki ɗaya da ita.

Jungudo ɗan ƙanwata, mai gyaran waya a Tsohuwar Kasuwa,
ya zo cin tuwo, ya ji zancen, ya yi dariya.
"Kawu, ba ni minti goma in fasa kwaɗon,
ka sa a goma ma in ka so.
Masu ita suna ƙetaren teku,
wa ya san da kai a Gombe?"
Na ce ni na san da ni.
Ya za a yi in auna halal ɗina da mudun sata?
Ya side yatsu, bai ƙara ba.

Na tambayi kuɗin lasisi na biyu:
buhun masara da rabi.
Fansho kuwa wata biyu ke nan muna sallama, bai amsa ba.

Dudu ta ce, "Bar taka, ni kaina ya ishe ni."
Amma na tuna bara,
dubu huɗu da suka ɓace tsakanin zubi da kwasa,
yadda ta yi mako ba ta iya kallon Goggo Yelwa,
zumuncin shekara ashirin ya kusa tsinkewa a kan sifili guda.

Da asuba, bayan na dawo masallaci, na tashi tsohuwar.
Ta tambaye ni, "Ka tabbata?"
Na ce na tabbata.
Ta sake tambaya, kamar alƙali.
Na cire.
Mabuɗin ya koma hannun uwa da 'ya.

Daga ƙasan akwati na zaro babban littafi mai baƙin bango,
yana warin kafur,
da jan biro da ya bushe sai da na hura masa.
Shiga a hagu, fita a dama,
hannu bai manta ba.

Ƙarshen wata Dudu ta shimfiɗa tabarma,
ta buɗe tata, na buɗe nawa.
Kuɗin mita, gas, maganin hawan jini, ɗinkin Rahanatu.
Muka tara.
Naira ɗari biyu ta raba mu.
Na ce na'ura ce ta yi kure.
Muka sake bi tun daga ɗaya ga wata.

Goron da na saya ran Juma'a ne.
Ban rubuta ba.